Kirsimeti a gidan makoki: amsa ga wata gwauruwa daga Tawa

Tambaya: "Baba Fasto, ina gaisuwa. Ni mai bi ce, ina zaune a Tawa. Maigidana ya rasu a cikin damanar nan bayan doguwar jinya, ya bar ni da yara huɗu. Ga bikin Kirsimeti ya matso, a ikilisiya ana ta koyon waƙoƙi, ana ce mana lokacin murna ne, kowa ya fita ya gaya wa maƙwabtansa bishara. Ni kuwa ko waƙar ba na iya buɗe baki in yi. Maƙwabtana duk Musulmi ne, su ne suka riƙe ni ranar rasuwar, har yau suna aiko mini da abinci. In na je na ce musu ina da bege, ba munafunci na yi ba? Kuma babban ɗana ya tambaye ni abin da ya sa Yesu bai warkar da babansu ba, na rasa ta cewa. Mene ne ya wajaba a kaina?"

Ɗiyata, kafin komai ina yi miki gaisuwar rashi. Yaya haƙuri? Yaya yaran? Ubangiji, wanda Zabura 68 ta kira uban marayu mai tsaya wa gwauraye, ya ta'azantar da ku, ya raya abin da aka bari.

Na karanta saƙonki a natse. Kina so ki sani ko mai bi yana da damar yin baƙin ciki a lokacin da ikilisiya ke murna, ko kuma wanda zuciyarsa ta karye zai iya maganar bege ba tare da ya yi ƙarya ba. Sai kuma tambayar yaron, wadda nake jin ita ce ta fi hana ki barci. Bari in fara kwantar miki da hankali: ba ki yi zunubi ba. Begen da muke da shi cikin Almasihu bai taɓa rataya ga sakin fuskarmu ba, kuma mai kuka tana iya ba da shaidar gaskiya, wani lokaci ma fiye da mai dariya. Zan nuna miki dalilina daga cikin Littafi Mai Tsarki da kuma abin da na gani a aikin kiwon ikilisiya.

Labarin haihuwar kamar yadda aka rubuta shi

Yawancinmu mun fara sanin Kirsimeti ne daga wasan yaran makarantar Lahadi: mala'iku da farin ƙyalle, makiyaya da sandunansu, iyaye na tafi. Wasan yana da kyau, amma yakan tsallake rabin labarin. Ki samu lokaci ki karanta Luka sura 2 da Matiyu sura 2 a zama ɗaya, za ki ga abin da nake nufi.

Maryamu ba ziyara ce ta kai ta Baitalami ba. Augustas sarkin Roma, wanda ƙasarsa ta mallake tasu, shi ya ba da umarni a ƙidaya jama'a, kowa ya koma garin kakanninsa. Mace da tsohon ciki ta yi tafiyar da ta haura kilomita 100 daga Nazarat, kusan kamar daga Tawa zuwa Ƙonni, babu mota. A al'adarmu mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa, a yi mata wanka a dama mata kunu. Ita kuwa a baƙon wuri ta haihu, ba su sami masauki ba, ta naɗe jinjirin ta kwantar da shi a komin dabbobi. Da suka kai shi Haikali bayan kwana 40, hadayar da Luka ya ambata ita ce kurciyoyi biyu ko ƴan tattabaru biyu. Wanda ya san Littafin Firistoci 12:8 ya san cewa wannan rangwame ne da aka yi wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Talakawa ne ke nan. A ranar ce kuma tsoho Saminu ya rungumi yaron ya yabi Allah, sannan ya juya ya gaya wa uwar cewa takobi zai soki zuciyarta.

Matiyu ya ɗora da abin da ya fi haka zafi. Hirudus ya aika aka kashe yara maza na Baitalami da kewayenta, daga mai shekara 2 zuwa ƙasa. Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa suka tsere Masar, suka zama ƴan gudun hijira har sai da Hirudus ya mutu. Matiyu bai share wannan jinin daga labarin ba, har ma ya kawo maganar annabi Irmiya a kan Rahila da ke kukan ƴaƴanta, ta ƙi a ba ta haƙuri domin babu su. Mu a jihar Tawa ba sai an fassara mana wannan ba. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya a rana ɗaya, kuma muna ganin waɗanda suka baro gidajensu daga Mali da Najeriya suna zaune a cikinmu. Cikin duniya irin wannan aka haifi Yesu.

Ikilisiyar farko ta fahimci haka. A kalandar da Katolika da wasu ikilisiyoyi ke bi har yau, ranar 26 ga Disamba ta tunawa da Istifanas ce, wanda aka jajjefe, ranar 28 kuma ta tunawa da yaran nan na Baitalami. Kakanninmu a bangaskiya sun ajiye makoki kafaɗa da kafaɗa da bikin, ba su ga wani saɓani ba. Ita ma ranar 25 ga Disamba ba a cikin Littafi Mai Tsarki aka ba mu ita ba; shaidar farko da ake da ita ta kiyaye wannan rana ta fito ne daga Roma, wajen shekara ta 336. Al'ada ce mai kyau, ina ƙaunarta, amma babu ayar da ta umarce ki da ɗinka sabon zane ko taka rawa a ranar. Bulus ya ce a Romawa 14 wani yana ɗaukaka wata rana, wani yana ɗaukar ranaku duka ɗaya, kowa dai ya yi saboda Ubangiji.

Akwai wata mata a cikin labarin da ba a cika sa ta a wasan yara ba, ina so ki lura da ita. Sunanta Hannatu, tana Luka 2:36 zuwa 38. Shekara 7 kawai ta yi da mijinta ya rasu, ta tsufa tana gwauruwa, tana zaune a Haikali da azumi da addu'a. Tana cikin mutanen farko da suka ga yaron suka yi maganarsa ga wasu. Luka ya ce ta yi maganar ne ga masu sauraron fansar Urushalima, wato mutanen da ta sani, waɗanda su ma suke jira kamar yadda take jira. Allah bai ga rashin miji ya rage mata daraja a wannan aiki ba, kuma bai gaggauta ta ba.

Ko munafunci ne?

Munafuki shi ne mai nuna abin da babu shi a zuciyarsa. In kin shafa hoda kin fita kina dariyar dole domin kada a ce bangaskiyarki ta yi rauni, wannan ya fi kusa da munafunci. Amma in kin ce, "Ina kuka, kuma na gaskata zan sake ganinsa," duka biyun gaskiya ne, babu ƙarya a ciki.

Ki duba 1 Tasalonikawa 4:13. Mutane da yawa suna yanke ayar a tsakiya, su ce Bulus ya hana mu baƙin ciki. Bai hana ba. Ya ce kada mu yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege, sannan ya faɗi tushen begen: Yesu ya mutu ya tashi, kuma Allah zai kawo waɗanda suka yi barci cikinsa tare da shi. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san yanzu zai kira shi ya fito. Masu tsoron Allah da suka binne Istifanas sun yi masa makoki mai yawa, Littafin Ayyukan Manzanni bai zarge su ba. Zabura 88 kuwa daga farkonta har ƙarshenta kuka ne, ta ƙare cikin duhu babu ko kalmar yabo a wutsiyarta, amma Allah ya bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'arsa. In waƙoƙin Kirsimeti sun gagare ki bana, wannan zaburar taki ce, ki karanta ta a matsayin addu'a.

Begen namu yana tsaye ne a kan abin da ya riga ya faru da kuma abin da aka alkawarta. Ibraniyawa sura 2 ta ce ya ɗauki nama da jini irin namu domin ta wurin mutuwarsa ya karya ikon mutuwa. Ma'anar Kirsimeti ke nan: an haife shi da jikin da zai iya jin yunwa, ya gaji, ya mutu, sannan ya tashi. Ru'ya ta Yohanna 21 ta ce rana tana zuwa da Allah zai share dukan hawaye, mutuwa ba za ta ƙara kasancewa ba. Ranar ba ta zo ba tukuna, shi ya sa hawayen suke nan. Bulus ya faɗa a Romawa 8 cewa abin da ido ya riga ya gani ba a sa zuciya gare shi, kuma ya ce mu da muke da Ruhu ma muna nishi a cikinmu muna jira. Jin daɗin zuciya yana zuwa yana tafiya, yau da sauƙi gobe babu. Tashin Almasihu daga matattu kuwa ba ya canzawa don kin kwana kina kuka.

Na zauna a gidajen makoki da yawa, abin da na lura shi ne kwanakin farko ba su ne mafi wuya ba, domin gida cike yake da mutane. Wuyar takan zo bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, sai kuma bikin farko da aka yi babu mamacin. Wurin zamansa a majami'a, naman da yakan sayo, takalman da yakan kawo wa yara, duk sai su taso a lokaci ɗaya. Abin da kike ji a wannan wata sananne ne, ba alamar ja da baya ba ce.

Tambayar yaron

A nan zan ɗan daɗe, domin shaidarki ta fari bana tana cikin ɗakinki. Yaron da ya yi irin wannan tambaya bai bar Allah ba, yana neman wanda zai gaya masa gaskiya ne. Kada ki tsawata masa, kada kuma ki bari wani ya ce masa ya yi saɓo.

Akwai amsoshin da manya ke ba yara da kyakkyawar niyya amma suna barin tabo. In an ce masa Allah ya fi mu son babansa shi ya sa ya ɗauke shi, yaro yakan ji tsoron ƙaunar Allah, ko ya ƙullace shi. In an ce wa ƙananan babansu ya yi tafiya, sai su zauna jiran dawowarsa, ranar da suka gane kuma su daina yarda da maganar manya. Mafi muni ita ce maganar wasu masu wa'azi da ke yawo a wayoyi, masu cewa duk wanda bai warke ba bangaskiyarsa ce ta kasa, ko akwai ɓoyayyen zunubi, ko wani ɗan'uwa ne ya yi masa jifa. Wannan koyarwa tana raba dangi, tana ɗora wa gwauruwa laifin da ba nata ba, kuma Yesu ya ƙi ta da bakinsa. Da almajirai suka tambaye shi a Yohanna 9 ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. A Luka 13 ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba da suka dage cewa lalle ya yi wani abu, su ne Allah ya yi fushi da su a ƙarshen littafin.

To me za ki ce masa? Ki zaunar da shi lokacin da ƙannensa suka yi barci, ki ce masa: babanku ya yi ciwo mai tsanani, mun nemi magani, mun roƙi Allah da dukan zuciyarmu, Allah bai ba mu abin da muka roƙa ba, kuma bai gaya mana dalili ba. Ba laifinka ba ne, ba laifina ba ne, ba don addu'armu ta yi kaɗan ba. Sannan ki nuna masa cewa Yesu ma ya roƙa a Gatsemani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba, ya bi ta cikin mutuwa ya fito ta ɗaya gefen, kuma babansu yana hannunsa. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Ayuba har aka rufe littafinsa ba a gaya masa dalilin abin da ya same shi ba. Nan ne iyakar abin da aka bayyana mana, kuma duk fasto ko annabin da ya ce miki ya san takamaiman dalilin rasuwar mijinki, ya wuce gona da iri.

In kin yi kuka a gabansa kina wannan magana, babu komai. Yaron da ya ga uwarsa tana hawaye kuma tana addu'a ya koyi cewa ana iya zuwa gaban Allah da ciwo. Ki kula kuma kada dangi su ɗora masa girman da ya fi ƙarfinsa da cewa yanzu shi ne maigida. Yaro ne, shi ma maraya ne.

Maƙwabtanki

Kin ce su ne suka riƙe ki. Ki gode wa Allah dominsu, ki kuma gode musu baki da baki. Alherin da suka yi miki alheri ne na gaske, kuma da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, Basamariye ya kawo misali da shi, mutumin da ba addininsu ɗaya da masu sauraronsa ba. A Nijar, ƙasar da mu Kirista ba mu kai kashi 1 cikin 100 ba, zamanmu duka a hannun irin wannan maƙwabtaka yake.

Ki tuna su ma suna da nasu kukan. A yankinmu na Adar da wuya ki sami unguwar da babu matar da mijinta ya tafi Abijan ko Libiya ko Aljeriya neman abinci, wasu sun dawo, wasu shiru har yau. Tsadar da ta biyo bayan rufe iyakoki a 2023 ba ta tambayi addinin kowa ba, haka ambaliyar 2024 da ta rushe gidaje a faɗin ƙasar. Mutanen da aka kashe a Tiliya Musulmi ne. Saboda haka ba za ki je musu kamar wadda ta zo koya musu mene ne wahala ba. Tabarma ɗaya kuke zaune a kai.

Kuma labarin haihuwar ba baƙo ba ne a kunnensu. Suna girmama Annabi Isa ɗan Maryama, a cikin Alƙur'ani akwai sura guda mai sunanta, inda aka ba da labarin naƙudarta a gindin dabino har ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. Inda muka rabu da su sananne ne: mu mun gaskata shi Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi a rana ta uku, su kuwa ba su yarda da haka ba. Kada ki ɓoye wannan in magana ta kai can, kada kuma ki mai da shi gardama. Ban taɓa ganin wanda gardama ta kawo ga Almasihu ba, amma na ga zumuncin shekaru da ta ɓata.

Ayar da zan ba ki ita ce 1 Bitrus 3:15. Bitrus ya rubuta wa masu bi ƴan kaɗan da ke warwatse a yankunan da yau suke cikin ƙasar Turkiyya, suna shan tsangwama. Ya ce su zauna a shirye su amsa wa duk wanda ya tambaye su dalilin begen da ke cikinsu, da tawali'u da ladabi. Ki lura tambaya ce take fara zuwa, kuma mai wahala ake yi wa ita. Babu wanda ke mamakin begen mai cikakken rumbu. Matan unguwarku suna kallonki tun ranar rasuwar: yadda kike magana a kan marigayin, yadda kike riƙe yaran, ko kin zargi wani, ko kin nemi boka. In wata ta shigo ta ce miki yaya haƙuri, kin ce da godiya, kina iya ƙara jimla ɗaya ta gaskiya: "Da wuya ƙwarai, amma abin da ke riƙe ni shi ne Yesu ya tashi daga matattu, na san maigidana yana wurinsa." Ki tsaya nan. In ta ƙara tambaya ki amsa gwargwadon abin da kika sani, in ta yi shiru ki bar ta, ku ci gaba da hirarku.

Game da abincin biki, kin san yadda muke yi. Suna aiko mana da naman layya, mu ma mu aika musu da shinkafa da miya ranar Kirsimeti, kuma masu bi da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu dabbar domin maƙwabta su ci da kwanciyar rai. Al'ada ce mai kyau. In kina da hali ki aika ko da faranti na fanke ne, yara su kai su ce na bikin haihuwar Yesu ne, Inna tana godiya. In babu hali kada ki ci bashi. Su da matansu ke zaman takaba wata 4 da kwana 10 sun san gidan da aka yi rashi, ba za su ga laifinki ba. Ina ma ganin da za su ji kiɗa yana tashi daga gidanki bana, abin zai fi ba su mamaki.

Akwai abubuwan da nake hana ƴan ikilisiyarmu, zan faɗa miki su ko da yake ban zaci za ki yi ba. Ba a mai da tabarmar makokin maƙwabci wurin wa'azi. A je a yi gaisuwa, a zauna, a taya aiki, kamar yadda Romawa 12:15 ta ce a yi kuka da masu kuka. Ba a yanke wa mamacin wani hukunci, wannan na Allah ne. Ba a jan yaran mutane a koya musu addini a bayan idon iyayensu. Ba a kuma ɗaura kyauta da sharaɗi. Asibitin Galmi da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950 yana nan a jiharmu, mafi yawan masu zuwa jinya Musulmi ne, ana duba su a matsayinsu na marasa lafiya, kuma kowa ya san da sunan wa ake aikin. A watan Janairu na 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, har hukuma ta ƙidaya 45 a Yamai kaɗai, mutum 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu, abin da ya fi yin magana a lokacin shi ne shugabannin ikilisiya sun yi kiran gafara, masu bi ba su rama ba. Akwai kuma Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin gidajensu. Duka biyun ya kamata mu riƙa gaya wa yaranmu.

Abin da ke wuyan ikilisiya

Ba na jayayya da fastonki a kan kiran da ya yi. Umarnin kai bishara yana nan a Matiyu 28, kuma ba a soke shi ba. Amma wa jama'a duka yake magana daga bagade, kuma aikin na ikilisiya ne gaba ɗaya, ba nauyin da kowane mutum zai sauke a cikin mako guda ba. Bulus ya ce in gaɓa ɗaya tana ciwo, dukan jiki yana ciwo tare da ita. Bana ke ce gaɓar da za a yi jinya. Karin Magana 25:20 ta ce mai rera waƙa ga mai baƙin ciki kamar wanda ya tuɓe wa mutum riga ne a ranar sanyi, kuma wanda ya san ɗarin Tawa na watan Disamba ya san zafin wannan magana. Ina roƙon shugabannin waƙa da dattawan da za su karanta wannan su tuna da ita: a cikin sujadar Kirsimeti a keɓe lokaci a ambaci waɗanda aka rasa a shekarar, a yi wa iyalansu addu'a, kada a tilasta wa kowa tashi rawa.

Kula da gwauraye kuwa ba alfarma ba ce. Dalilin da ya sa aka zaɓi mutum 7 na farko a Ayyukan Manzanni sura 6, cikinsu har da Istifanas, shi ne ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci. Yakubu ya ce addini mai tsarki shi ne a kula da marayu da gwauraye cikin ƙuncinsu, ya kuma tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai. In maƙwabta Musulmi suna aiko miki da kwano, ƴan'uwa a ikilisiya kuwa suna aiko miki da umarnin fita wa'azi kaɗai, to akwai gyara a wurinmu. Ki je wurin matar fasto ko shugabar zumuntar mata, ki faɗi halin da kike ciki, ki kira buƙatarki da sunanta: tiyar hatsi ce, kuɗin lakwal ne, ko wadda za ta zo ta kwana da ku daren biki. Sau da yawa mutane suna so su taimaka, kunya ce ke hana kowane ɓangare fara magana.

Ranar bikin kanta, in kin iya ki je sujada da yaran, ki zauna kusa da wadda kika saba da ita, ki saurara ko ba ki yi waƙa ba. In kuka ya zo ki bar shi ya zo. In ƙafarki ta ƙi, ki bar yaran su tafi da wata, kada a hana su ɗan farin cikinsu, ke kuma ki karanta Luka 2 a gida, a roƙi dattijo ya zo ya yi addu'a da ke da yamma.

Ni namiji ne, kuma daga nesa nake ba ki amsa, akwai abin da ba zan iya yi miki ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, don haka ki nemi wata dattijuwa mai bi da ta riga ki shiga wannan hali, za ta gaya miki abubuwan da ba sa cikin littattafan tauhidi, har da yadda ake zama da dangin miji a kan maganar gado da riƙon yara. Sannan in kika ga makonni suna wucewa ba kya barci, ba kya cin abinci, kin kasa kula da yaran, ko tunanin ki bi shi yana zuwa miki, kada ki ɓoye, kada kuma ki tsaya ga addu'a kaɗai. Ki gaya wa wadda kika amince da ita a ranar, ta raka ki likita, domin baƙin cikin da ya kai nan ciwo ne da ma'aikatan lafiya suka sani, kuma ana jinyarsa.